An biya ɓarna, an shafa fatiha, gaba tana nan

Duk shekara, daga lokacin da hatsi ya fara nuna har a kai ga sakin gonaki, ƙofar masu gari a jihar Maraɗi ba ta rabuwa da shari'ar manomi da makiyayi. Yadda ake yin ta kusan ɗaya ne daga Gidan Runji har Dakwaro. A tura dattawa su je su ga gonar, su ƙiyasta damin da aka ci ko waken da aka tattake. A kira mai shanu da arɗonsa, a ja a saki, a tsaya kan jika kaza. Liman ya tunatar da su cewa harshe da haƙori ma suna saɓawa, a shafa fatiha, a ce su gaisa. Su miƙa wa juna hannu kowa idonsa a ƙasa. In rikicin ya kai ga zubar da jini sai maganar ta hau sama, jandarmomi su zo, manya su zo daga birni, a yi jawabai, a ɗauki hoto. Baɗi war haka, ko bayan shekara uku, sai a ji an sake, a wuri guda, kuma sau da yawa tsakanin gidajen nan biyu.

Ni dai a ganina sulhunmu yana biyan abin da ke ƙirguwa ne kawai. Dami yana da kuɗi, saniya tana da kuɗi, har ran mutum shari'a ta yanka masa diyya. Amma wulaƙanci, da tsoro, da mamacin da ba a bari an yi kukansa a gaban wanda ya kashe shi ba, waɗannan ba mai tambayarsu a zaman sulhu, kuma su ne ke hura faɗan gaba. Akwai wasu likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam da suka ƙarar da rayuwarsu kan wannan gefe na gaba tsakanin al'ummomi. Ina ganin muna da abin ɗauka a wurinsu, ko da yake ba duka ba.

Na taɓa zama a irin wannan sulhu a wani ƙauye yamma da Maraɗi. Shanu ne suka shiga gonar wake da dare. An gama lissafi, wani tsohon Bafulatani ya kwance bakin zanensa ya ƙirga kuɗin ya ajiye a kan tabarma. Kafin a shafa fatiha sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana. Shekarar da aka kashe ƙanena a bakin rijiyar nan, ba wanda ya zo ruga ya yi mana gaisuwa." Mai gari ya ɗaga hannu ya ce, "Haba Arɗo, ba wannan ya tara mu ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Jama'a suka ce gaskiya ne. Tsohon ya ce to, ya yi shiru. A bayansa kuwa jikansa na tsaye, yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya rataya sanda a kafaɗa, bai ɗauke ido daga mai gari ba har aka watse. Mai gari ba mugu ba ne, tsoro yake ji kada magana ta tono magana. Sai dai abin da ya hana a faɗa a gaban mutum talatin, an faɗe shi a ruga a daren nan, ba tare da kowa daga gari yana wurin da zai ce "ba haka aka yi ba" ko "wallahi mun yi kuskure" ba.

Wanda ya fara buɗe wa likitocin ƙwaƙwalwa ƙofar wannan fage ɗan siyasa ne. Ranar 20 ga Nuwamba 1977 shugaban Masar Anwar Sadat ya tsaya a gaban majalisar Isra'ila ya ce bayan rigimar ƙasa akwai wata katanga ta zuci tsakaninsu, ta zargi da tsoro da ƙin juna, kuma ita ce kashi 70 cikin 100 na matsalar. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ɗauki maganar da gaske, ta riƙa haɗa fitattun Misirawa da Isra'ilawa, daga baya har da Falasɗinawa, a tarukan da ba na gwamnati ba, har zuwa tsakiyar shekarun 1980. Cikin masu jagorantar zaman akwai Vamik Volkan, Baturke ɗan tsibirin Ƙubrus da aka haifa a 1932, wanda ya koyar a jami'ar Bajiniya. Shi ma ɗan ƙasar da gaba ta raba biyu ne, tsakanin Turkawa da Girkawa, don haka ba labari yake ji ba.

Abin da ya lura da shi a ɗakin taro shi ne, mutanen kirki masu ilimi, da zarar sun zauna a gaban abokin gaba, sai su daina magana da bakinsu su koma magana da bakin ƙabilarsu. Wannan ya lissafa abin da aka yi wa nasa, wancan ya katse shi ya lissafa nasa, kowa na neman a yarda cewa shi aka fi zalunta. Tun 1921 Sigmund Freud, wanda ya kafa wannan fanni na binciken abin da ke ɓoye a zuciya, ya rubuta cewa mutum in ya shiga taro yakan miƙa hankalinsa ga jagora, ya aikata abin da ba zai taɓa yi shi kaɗai ba. Daga baya ya ƙara da cewa maƙwabta masu kama da juna sun fi kowa riƙe ƙananan bambance-bambance su kumbura su, ya kawo misalin mutanen Sifen da na Fotugal, da Ingilishi da mutanen Sikotilan. Wannan ba sai an fassara mana ba. Bahaushen Madarunfa da Bafulatanin da ke kiwo a bayan garinsu alƙiblarsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, furar da suke sha ma geron ɗaya ne da nonon ɗaya. Duk da haka kowa ya tattara duk abin da ba ya so a kansa ya jibga wa ɗan'uwansa: wannan ya ce su ne marasa tausayi, wancan ya ce su ne masu haɗama. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kuma malaman nan sun nuna cewa al'umma ma takan take nata kamar yadda mutum ɗaya ke yi.

Babbar gudummawar Volkan ita ce bayanin yadda ciwo ke zama gado. In aka yi wa al'umma babbar asara tare da wulaƙanci, ta kasa ramawa, kuma ba ta samu damar yin makokin abin ba, sai iyaye su ɗora wa 'ya'ya aikin da suka kasa, ba lalle da baki ba. Yaro yana tsintarsa a yadda fuskar uwarsa ke sauyawa in an ambaci wani gari, a waƙar da ake yi masa, a sunan da aka raɗa masa. Abin yakan kwanta shekara ɗaruruwa, ya zama alamar da jama'a ke gane junansu da ita. Ranar da wani shugaba ya buƙace shi sai ya tashe shi, jiya da yau su cakuɗe, maƙwabcinka na yau ya koma maƙiyin kakan kakanka. Misalin da ya fi kawowa shi ne na Sabiyawa da yaƙin Kosobo na 1389, inda suka gwabza da daular Usmaniyya. Da shekara 600 ta kusa cika, aka ɗauki ƙasusuwan yarimansu Lazar aka zaga garuruwa da su, mutane na kuka kamar jiya ya mutu. Ranar 28 ga Yuni 1989 shugaban Sabiya Slobodan Milosevic ya tara ɗimbin jama'a a filin yaƙin ya yi musu jawabi. Shekaru kaɗan bayan haka aka riƙa kashe Musulmin Bosniya ana kiransu Turkawa, alhali yarensu ɗaya da masu kashe su.

Mu ma muna da namu ajiyayyen. Garin nan na Maraɗi, Katsinawan da jihadi ya kora daga gadon sarautarsu a 1807 ne suka mayar da shi mazauninsu a zamanin Ɗan Kasawa, shi ya sa har yau sarautar ake ce mata ta Katsinan Maraɗi. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobirawa da Katsinawa, bayansa Gobirawa suka kafa Tsibiri. Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ya shekara da shekaru yana kai hari Katsina. Ga yawancinmu wannan tarihi ne, na kirari da tambura da hawan salla, kuma ba laifi mutum ya yi alfahari da kakanninsa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda wani zai ɗauko jihadin 1804 ya haɗa da satar shanun makon jiya ya ce ai abu ɗaya ne, sun dawo ne su ƙarasa. Makiyayin da ke bin bayan shanu talatin a dajin Baban Rafi, me ya haɗa shi da sarautar Sakkwato? Shi ma an sace nasa shanun, shi ma an ɗauke nasa ɗan. A wancan ɓangaren kuma akwai Toda. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, rigimar gona ta kai ga kashe Fulani fiye da ɗari a wannan yanki namu, akasarinsu mata da yara. Cikin gari da wuya ka ji mai ambatonta, matasa da yawa ba su ma san an yi ba. A ruga ba a manta ba.

Wanda yake ganin wannan duk kame-kamen Turawa ne, ya koma littattafan sira. Aus da Hazraj na Madina sun daɗe suna yaƙi kafin Musulunci ya haɗa su, yaƙinsu na ƙarshe shi ne na Bu'asu. An ruwaito cewa wani da haɗin kansu ya ɓata wa rai ya sa wani saurayi ya zauna a cikinsu ya rera waƙoƙin da aka yi a ranar Bu'asu. Ba a jima ba sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka fara kiran makamai, sai da shi da kansa ya fito ya tsawata musu. In waƙa ɗaya ta iya tayar da tsohon ciwo a zukatan irin waɗannan mutane, ina ga mu?

Na san amsar da dattawa za su ba ni, ita ce ta mai garin nan: tono baya fitina ce, a yafe a wuce. Ina girmama wannan magana, domin masu faɗinta sun ga abin da ban gani ba. Amma yafiya da binne magana ba abu ɗaya ba ne. Lokacin da Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya zo ya musulunta, Annabi bai ce masa a bar tuna baya ba. An ruwaito cewa ya sa shi ya faɗi yadda ya yi kisan, ya karɓi musuluncinsa, sannan ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. An faɗi gaskiya, an bar wa mai laifi ransa da mutuncinsa, kuma ba a tilasta wa wanda aka cuta ya yi kamar ba ya jin zafi ba. Sulhunmu na yau yana tsallake na farko da na uku, ya tafi kai tsaye wurin musafaha. Gyambon da aka rufe da ruɓa a ciki kuwa kowa ya san ƙarshensa.

Abin mamaki, a kan mutum ɗaya mun fi kowa sanin darajar makoki. Muna zaman gaisuwa, muna sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma. Duk wannan don zuciya ta samu lokacin da za ta yarda cewa wanda ya tafi ya tafi. Amma in gari guda aka ƙona, ko ruga guda aka share, sai a binne su da gaggawa a rami ɗaya, hukuma ta ce a kwantar da hankali, shi ke nan. Ba ranar tunawa, ba addu'ar da ɓangarorin biyu za su zauna tare su yi, ba mai zuwa ya ce mutanenmu ne suka yi wannan kuma bai kamata ba.

Kada a ɗauka na yarda da lissafin Sadat. A nan wurinmu ba zan ce kashi 70 na rikicin a zuci yake ba. Jihar Maraɗi na cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki sun cinye burtali, sun kewaye rijiyoyi da mashaya, sun haura iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa, amma takarda ba ta hana mai kuɗi shinge fili. Mutumin da aka toshe wa hanyar ruwa ba likitan zuciya yake nema ba, hanya yake nema. Ayar Suratul Hujurati da ta yi umarni da sulhu tsakanin ɓangarori biyu na muminai, da adalci ta haɗa shi. Haka kuma wannan ilimi ba na zama da ɓarayin daji ba ne. Gwamnonin Katsina da Zamfara sun gwada sulhu da 'yan bindiga a 2019, aka ɗauki hotuna da masu bindiga a kafaɗa, ba a daɗe ba abin ya wargaje. Wanda garkuwa da mutane ta zame masa sana'a, lissafin riba yake yi. Maganata a kan jama'ar da ke tsakiya ce, manoma da makiyayan da ɓarayin ke ci da tsohuwar gabarsu, suna samun sababbin yara daga rugar da 'yan banga suka ƙona.

To me ke aiki? Binciken da aka yi ya nuna abubuwa biyu da ya kamata su rage mana buri. Na farko, haɗa mutane wuri ɗaya kawai ba ya wadatarwa. A 1954 Muzafer Sherif, masani ɗan asalin Turkiyya, ya kai yara maza 22 wani sansani a Oklahoma ta Amurka, ya raba su gida biyu, ya sa su gasa har suka tsani juna. Da aka haɗa su cin abinci tare don su shirya, jifan juna suka yi da abincin. Ba su sauko ba sai da ruwan sansanin ya yanke, motar da ke kawo abinci ta ƙi tashi, ya zama dole su haɗa hannu su gyara. Na biyu ya fi kusa da mu. A Kaduna wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun sa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta na mako 16, wasu a gauraye, wasu kowa da nasa. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna ra'ayin samarin game da juna bai sauya ba, amma waɗanda suka yi karatu a gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba nasu ba in aka zo rabon kuɗi. Waɗanda aka ware su kaɗai kuwa, wariyarsu ƙaruwa ta yi. Duk mai shirin kafa ƙungiyar tsaron gari ta ƙabila ɗaya zalla ya kamata ya tsaya kan wannan. Ni kuwa ya ishe ni. Ba sai manomi ya ƙaunaci makiyayi ba, in dai zai bar masa hanya, ya kuma kai ƙara maimakon ya ɗauko adda.

Lokaci ma yana cikin maganin. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna sun yi gaba da juna a rikicin 1992, Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995 suka fara aiki tare, amma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana tafiya da Ashafa zuciyarsa ba ta sauka ba. Su ne daga baya suka shiga tsakani a Yelwan Shandam ta jihar Filato bayan kashe-kashen 2004. Volkan ma a Istoniya, tsakanin 'yan ƙasar da Rashawa, shekaru ya yi yana tara mutanen nan dai, kwanaki kaɗan a kowane zama, kafin a fita ƙauyuka a yi ayyukan haɗin gwiwa. A gwada wannan da taron bitar kwana biyu da ake yi mana a otal, a raba riguna da kuɗin zama, a kira waɗanda dama ba su da rigima da kowa. Wasan barkwanci da muke tinƙaho da shi, wanda UNESCO ta sa a jerin gadon duniya a 2014, yana sanyaya zama tsakanin Bafulatani da Babarbare ko Bagobiri da Bazabarme, amma ba a yi wa uwar da aka kashe wa ɗa barkwanci.

Abin da nake nema ba ya buƙatar a kawo likita daga Turai. A duk inda aka zubar da jini, bayan an yanke hukunci an biya abin da za a biya, a sa zama na biyu, na uku, na huɗu, ba ɗan jarida, ba babban baƙo. Mutum goma sha biyar ko ashirin daga kowane gefe, har da matan da suka yi takaba da samarin da ke riƙe sanda, domin su ne ke ɗauke da labarin, ba masu rawani ba. A samu mai jagorantar zama da aka koya wa abu ɗaya mai wuya, wato ya bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa, kuma kada ya firgita in murya ta tashi. Limamai da arɗaɗai da malaman makaranta za su iya koyon wannan, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin gari, hukumar ƙarfafa zaman lafiya ta ƙasa ma aikinta ne. Zaman kuma ya ƙare da aikin da dole sai an haɗu: yasar rijiya, dasa alamun burtali, kwamitin kasuwar dabbobi.

Inda ya fi gaggawa shi ne garuruwan da aka tsugunar da 'yan gudun hijira. Tun 2019 dubun dubatar mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Runji da Madarunfa, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. Ana ba su abinci da magani da makaranta, kuma an kyauta. Amma yaran da suka zo a goye yanzu sun isa shiga aji, kuma abin da suka sani game da Bafulatani shi ne abin da suka ji a bakin uwar da ta gudo da su cikin dare. A rugagen da ke kewaye da su akwai yara sa'o'insu da ke jin nasu labarin game da 'yan sa-kai. Nan da shekara goma waɗannan ne za su haɗu a bakin rijiya ɗaya. A fara da sanya su aji ɗaya tun yanzu, a kuma zaunar da iyayensu mata wuri guda su ji ta bakin juna.